Luseane Ta Kai Ubanta Ƙara

Sansanin ma'aikatan layin dogo, kusa da Newman
4 ga Satumba, 1997

Yaya Akesa,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma ƙafar nan taki ta yi sauƙi. Ni jiki lafiya lau, sai zafi da ya fara kankama. Kafin hantsi ƙarfen dogo ba ya taɓuwa da hannu.

Yaya, ban san ta inda zan fara ba. Ranar Talata muna cin abincin rana shugabanmu ya miƙo mini ambulan mai kauri da hatimin gwamnati. Na ɗauka batun haraji ne. Kin san Turancina na baki ne, ba na takarda ba, sai na ba wani Bature abokin aikina mai suna Col ya karanta mini. Ya karanta layi biyu ya dube ni. Ya ce, "Kelepi, kana da 'ya?" Na ce guda ɗaya tal. Ya ce, "To, ta kai ka kotu."

Dariya na yi. Na ce ya sake duba sunan. Ya nuna mini da yatsa: Luseane, shekara goma sha shida, tana neman kotun iyali ta Brisbane ta tilasta wa ubanta ya riƙa ba ta kuɗin ci da na haya. Haya, Yaya! Yarinyar da na bari a gidan ɗan'uwanmu Maikolo tun rasuwar uwarta, wace haya kuma?

Ko hannu ban wanke ba na tafi wayar sansani na kira gidan. Maikolo ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce ai wata biyar ke nan da ta bar gidan, wai ba su so su tayar mini da hankali ina bakin aiki. Matarsa Fane ta karɓe wayar ta ce yarinyar kanta ya yi girma, ba ta jin magana, ta je ta kama ɗaki a bayan gidan wata tsohuwar Baturiya. Ta ce wanda ya gan ta a tashar jirgi ya ce jikinta ma ya canza, da ƙyar ya gane ta.

Na tambayi Col ko ɗaure ni za a yi. Ya ce a'a, ba irin wannan ƙarar ba ce. Wai a ƙasar nan yaron da bai kai sha takwas ba yana iya neman haƙƙinsa a wajen iyayensa ko da ba a gidansu yake ba, alƙali ya dubi abin da uban ke samu da abin da yaron ke bukata. Na ce, ko da shi ya fita da ƙafarsa? Ya ce wannan ma za su duba. Ya faɗa mini haka yana cin burodinsa, kamar yana ba ni labarin ruwan sama.

An sa ranar sha tara ga Nuwamba. Yaya, ni da shekara uku ban saya wa kaina ko riga ba? Da wane ido zan kalli mutanen coci? Ke kika raɗa mata suna, maganarki ce ba ta da ikon tsallakewa. Ki gaya mini yadda zan yi.

Kuɗin kwanon rufi na wannan watan yana hanya.

Ƙaninki,
Kelepi

*

Nomuka
29 ga Satumba

Kelepi,

Mun gode Allah, muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda ka san ta. Doya ta yi kyau bana, aladun maƙwabta ne kawai suka hana mu sakat. Jirgin ruwa bai zo ba sai shekaranjiya, wasiƙarka ta yi mako uku a hanya. Ban neme ka ta wayar gidan waya ba, don ka san duk abin da aka faɗa a cikinta kafin mutum ya iso gida tsibirin nan kaf ya ji.

Sau uku na karanta. A na farko sai da na zauna a ƙasa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin 'ya ta kai ubanta gaban alƙali ba, sai a gidanmu za a fara? Babanmu da ya yi shekara talatin yana wa'azi a garin nan, jikarsa ce za ta yi wannan?

Amma kai namiji ne, ka rubuta abu da hannunka ba ka ga abin da ka rubuta ba. Yarinya ta bar gida, jikinta ya canza, tana neman kuɗi ido rufe. Sai an fassara maka? Ba zan faɗi kalmar ba, ba magana ce da ta dace tsakanina da kai ba. Ka dai sani akwai wani ɗan iska a bayan wannan abin, shi ke hure mata kunne, shi ya nuna mata hanyar kotu.

Kada ka je ko'ina. Kada ka sa hannu a komai. Na rubuta mata, na aika ta hannun makarantarsu tun da ba mu san gidan tsohuwar ba. In har akwai sauran jininmu a jikinta, zancen ya ƙare.

Kwano ya iso, an rufe rabin gidan. Sauran rabin da guguwa ta yaye har yanzu tamfol ne. Kada ka manta baikon shekara na coci, kuɗin da kowane gida ke bayarwa, a Disamba ne, kuma bara sunan gidanmu ne na biyu da aka karanta.

Yayarka,
Akesa

*

Nomuka
29 ga Satumba

Luseane,

Ina gaishe ki, ko da yake ban san ko har yanzu kina amsa gaisuwar manya ba.

Ni ce Akesa, yayar ubanki. Ranar da aka haife ki ni aka aiko wa, ni na zaɓi sunan da kike sa hannu da shi a takardun kotu. Na ji abin da kika yi. Ubanki yana can cikin rana yana ɗaga ƙarfe, ke kina birni kina tara masa lauyoyi. Abin da makarantar Turawa ta koya miki ke nan?

In akwai abin da kike ɓoyewa a ƙarƙashin riga, ki faɗa mini ni, ba alƙali ba. Ba ke ce farau ba. Za mu san yadda za mu yi, a cikin gida.

Ga maganata, kuma ba shawara ba ce. Ki je ki janye takardar nan. Ki koma gidan Maikolo ki durƙusa ki ba Fane haƙuri. In kin ƙi, kada ki ƙara kirana Gwaggo, kuma ranar da na mutu kada ki ɗaura tabarmar makoki a ƙugu domina kamar sauran dangi.

Akesa

*

Woodridge, Brisbane
16 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ina fata kina lafiya da kowa na gida. Ki yi haƙuri da rubutuna, yarenmu a bakin Mama na koya, ban taɓa rubuta shi da tsawo haka ba.

Na bi maganarki. Jiya na je na janye ƙarar. Lauyar, Mis Tran, ta tambaye ni sau uku ko wani ne ya tsorata ni. Na ce a'a, gwaggona ce ta ce. Ba ta gane ba, ni ma ban iya yi mata bayani ba.

Amma gidan Kawu Maikolo ba zan koma ba. Ki yafe mini wannan.

Ba ni da ciki, Gwaggo. Ba ni da saurayi. Canzawar da aka ce na yi, rama ce. Siket ɗin makaranta da fil biyu nake riƙe shi.

Mu goma sha uku ne a gidan. Ba wannan ya dame ni ba. Ina kwana a falo, ina yi wa yara biyar wanka, ina dafa abinci, duk ban damu ba. Anti Fane takan hana ni zuwa makaranta kwana biyu ko uku a mako in ta samu aiki, wannan ya dame ni amma na yi shiru. Sai a watan Maris ƙaninta ya zo ya zauna da mu. Ƙofar banɗaki ba ta da sakata. Sau biyu yana buɗewa ina ciki, yana cewa kuskure ne. Na uku bai ce kuskure ne ba, kuma ya shigo ya rufe. Na kwaɗa masa bokiti na fita da gudu. Da na gaya wa Anti Fane sai ta mare ni, ta ce ina so in ɓata sunan gidanta. Washegari na ɗauki jakata.

Malamarmu ce ta haɗa ni da Misis Doyle. Ɗakin bayan gidanta ne, dala sittin a mako. Bayan makaranta ina aiki a shagon soya kifi da dankali har a rufe. In na biya haya da kuɗin jirgin ƙasa, abin da ya rage ba ya kai ni Laraba. Ragowar dankalin shago nake ci. Na je ofishin tallafin matasa, suka ce albashin Baba ya wuce iyakar da suke ba mutum, shi ya kamata ya riƙe ni. Ban gaya musu zancen banɗaki ba, kunya ta hana ni. Matar ofishin ce ta ba ni adireshin lauyoyin kyauta.

Ba kotu na fara zuwa ba, Gwaggo. Na rubuta wa Baba da Turanci a watan Afrilu. Na ce masa na samu ɗaki nawa ni kaɗai, ina biya da kaina, abin ya yi mini nauyi, don Allah ya kira ni, ga lamba. Bayan mako uku kati ya zo mai hoton jirgin ƙasa. Ya rubuta, "Madalla da ɗaki. Ki gode wa Fane." Shi ke nan. Na sake rubutawa a Yuni, ba amsa.

Na san yana aika kuɗi gida. Na san na rufi ne da na coci da na jana'izar mutanen da ban taɓa gani ba. Ban ce ya daina ba. Na dai so in shiga layin ne ni ma.

Akwai aiki a kamfanin yanka kaji, cikakken lokaci. Sun ce in fara farkon Nuwamba. Jarrabawa tsakiyar watan ce, ba zan samu yi ba. Ba komai.

Ina fata har yanzu zan iya kiran ki Gwaggo.

'Yarki,
Luseane

*

Sansani
22 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. Ina lafiya, kuma yau ne na fara cin abinci ya zauna mini tun watan jiya.

Takarda ta zo daga kotu, an janye! Col ya karanta mini, na rungume shi har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Shi ke nan? Ba za ka kira ta ba?" Na ce masa ba ka san gidanmu ba, yayata ta riga ta yi magana. Na san ta koma wajen Fane yanzu, zan bari zuciya ta huce tukuna kafin in neme ta. Ɗaya zancen da kika yi nuni da shi, na bar miki, ku mata kun fi sanin hanyarsa.

Na karɓi aikin ƙarin lokaci har Kirsimeti. Ga takardar kuɗi a ciki, ta baiko ce. Bana ina so a fara karanta sunan gidanmu kafin na kowa, mu gode wa Ubangiji da ya rufa mana asiri.

Ƙaninki,
Kelepi

*

Nomuka
26 ga Nuwamba

Kelepi,

Muna raye. Ban da wannan ba ni da wani labarin lafiya da zan ba ka.

Injin jirgi ya lalace, mako biyar ba mu ga wasiƙa ba. Jiya ya zo da guda biyu, taka da ta Luseane. Taka na fara buɗewa a bakin teku. Na yi guɗa, na ce wa maigida ya kama alade ɗaya a yanka. Sai da na iso gida, an riga an hura wuta, na buɗe tata.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. Maƙwabta sun shigo a guje sun ɗauka mutuwa aka yi.

Na sa wasiƙarta a cikin wannan. Da yarenmu ta rubuta, ba ka bukatar Bature ya karanta maka. Akwai abin da ke ciki wanda bai kamata ya bi ta hannuna ya zo idonka ba, ni da kai. Na karya wannan al'adar yau, Allah ya yafe mini. Ka karanta har ƙarshe, a zaune.

Yarinyar nan yunwa take ji, Kelepi. Yunwa! A ƙasar da kake aiko mana da naman gwangwani katan-katan. Ni kuma na zauna a ƙarƙashin kwanon da aka saya da abincinta na rubuta mata cewa ciki ne da ita. Na ce ta koma ta durƙusa wa matar da ta mare ta. Na yi mata barazana da gawata. Ita kuwa ta bi maganata. Da ta ƙi ji ma da ya fi mini sauƙi. Yau ashirin da shida ga wata, jarrabawar ta wuce, tana can tana fige kaji saboda ni.

Kai kuma, wane irin "madalla" ne wannan? 'Yarka ta rubuto maka takarda guda cur, ka tsinci kalma biyu ka amsa? Wasiƙar kotu ka nemi mai karanta maka a take, ta 'yarka ba ka nema ba? Ta Yuni fa, ina take? A shekara ukun nan, nawa ka taɓa ba Maikolo dominta? Na san amsar, ko sisi, don kai da ni duk mun ɗauka ɗan'uwa ba ya karɓar kuɗin tuwo. Ni ma ban taɓa tambaya ba. Kowane wata ina rubuta maka abin da muke bukata, ban taɓa sa layi ɗaya na ce Luseane fa, me ta ci.

Ga takardar kuɗinka na mayar. Kada ka ƙara aiko da ko dala ɗaya gidan nan. Tamfol bai kashe kowa ba. Ka ajiye aikin ƙarin lokacin nan ka hau jirgi.

Aladen an riga an yanka, na raba wa maƙwabta. Ban iya ci ba.

Akesa

*

Sansani
9 ga Disamba

Yaya,

Na samu. Jikina lafiya, kada ki damu da wannan.

Na karanta a zaune kamar yadda kika ce. Da na zo wajen banɗakin na tashi na fita, na yi ta tafiya a kan layin dogo har sai da motar aiki ta biyo ni. Da mutumin nan yana kusa da ni a ranar, da yanzu daga kurkuku nake rubuto miki.

Na zazzage akwatina. Wasiƙar Afrilu tana nan. Na ga "ɗaki" na ga "nawa", na ce Fane ta kyauta, ta ba yarinya ɗaki. Lambar da ke ƙasa na ɗauka ta makaranta ce. Ta Yuni ma tana nan, Yaya. Ban buɗe ta ba. Ta zo ranar da aka aiko mini da rasuwar surukin Maikolo, na sa ta a aljihu na tafi neman kuɗin jana'iza, daga nan na manta. Yau na ba Col ya karanta. Layi huɗu ce. Bai iya ƙarasawa ba, ya miƙo mini ya fita.

Na kira lambar. Tsohuwar ce ta ɗauka, ta ce Luseane tana wajen aiki. Ta ce, "Kai ne uban? To, sannu da zuwa." Ban taɓa jin an zage ni da gaisuwa ba sai ranar.

An ba ni hutu daga ashirin ga wata. Amma bari in gaya miki abin da ya fi ba ni tsoro. Kin ce in daina aikowa, na ji. Ke kaɗai ce? Shekaranjiya, bayan duk na karanta wannan, ma'ajin cocinmu na Perth ya kira ni kan kuɗin motar fasto. Yaya, kafin in ajiye wayar na ce to. Bakina ne ya faɗa, ban ma sani ba. Haka aka gina ni. In na yi wa yarinyar nan alkawari yau, wata uku ba za a yi ba wani zai mutu, wani zai yi aure, a kira sunan babanmu, in ce to. Ban yarda da kaina ba. Me zan je in ce mata?

Kelepi

*

Nomuka
19 ga Disamba

Luseane, 'yata,

Ina gaishe ki. Ina fata kina cin abinci. Jirgin Kirsimeti zai tashi da rana, don haka a gurguje nake rubutu.

Na yi miki laifi. Ban saba faɗin wannan ba, ban ma san yadda ake jera shi ba. Na yi miki ƙazafi, na tura ki inda bai kamata ba, kin rasa shekara guda ta karatu a kan maganata. Ba ki da abin ba kowa haƙuri.

Tun da kin nuna kina jin magana, ga wata. Ki koma wajen lauyar nan ki mayar da takardar. Ubanki yana zuwa, zai yi kuka, zai yi miki alkawari, kuma da gaske yake. Kada ki karɓi alkawari. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba, mu muka mayar da shi haka, ni ce kan gaba. Ki sa alƙali ya faɗi a'a ɗin a madadinsa. Na rubuta masa shi ma.

In wani a dangi ya buɗe baki, ki ce Akesa ce ta sa ki. Su zo su same ni.

Gwaggonki

*

Brisbane
11 ga Fabrairu, 1998

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ruwan bana bai yi muku ɓarna ba. Ina lafiya. Luseane ma lafiya, ta ɗan fara cikowa. Ki yi haƙuri da shirun, na so sai an gama in rubuto. Sau biyu na zo garin nan, a Kirsimeti da kuma yanzu.

Zuwan farko a bakin kamfanin kajin na jira ta. Mata suka fito da fararen takalman roba, na duba na duba ban gan ta ba. Ashe ta wuce ta gabana. Ita ce ta juyo ta ce, "Baba." Yaya, na tsaya a gaban 'yata ban gane ta ba. Abin da na shirya faɗa duk ya gudu. Na yi kuka a titi kamar yadda kika rubuta mata cewa zan yi. Ita ba ta yi ba. Ta jira na gama, ta ce motar hayar da take shiga za ta tashi.

Gidan Maikolo na je sau ɗaya. Ƙanin Fane ya tsere Auckland tun kafin in iso. Ban shiga ba, a tsakar gida na tsaya na faɗi abin da zan faɗa da ƙarfi, maƙwabta na ji. Ban taɓa kowa ba. Zancen 'yan sanda Mis Tran ta ce na Luseane ne, in ta shirya. Rabin mutanen coci yanzu ba sa amsa gaisuwata. Wai na bar 'ya ta hau kaina.

Ta mayar da ƙarar kamar yadda kika ce, jiya aka yi zaman. Na ɗaura tabarmata ta al'ada a ƙugu kamar mai zuwa gaban sarki. Tare muka shiga da ita, muka zauna a benci ɗaya. Ma'aikaciyar kotun ta dubi takarda ta dube mu, ta ce, "Ina wanda ake ƙara?" Na ɗaga hannu. Ta ce to in koma wancan gefen. Ta karanta abin da Luseane ta nema, ta ce ko ina da ja. Na ce ina da shi, ya yi kaɗan, a ninka. Matar ta cire tabarau ta ce, "Malam, nan ba wajen gwanjo ba ne." Luseane ta ce a'a, abin da ta rubuta shi take so, haya da abinci da jirgi da littattafai, kada a ƙara ko dala. Na ce to ina da roƙo ɗaya, a riƙa cirewa daga albashina tun kafin ya zo hannuna. Matar ta ce yawanci sai an yi rigima ake kaiwa ga haka. Na ce ta rubuta kawai. Aka rubuta, har ta kai sha takwas, kuma in ba ta gama sakandare ba a lokacin za a iya duba ƙari. Na sa hannu. Minti ashirin, an gama.

Ta koma makaranta, tana maimaita ajin. Ƙawayenta duk sun wuce ta.

Da muka fito na raka ta har Woodridge. A bakin ƙofar gidan na ce ina so in ga ɗakin da take kwana. Ta ce, "Ba yau ba, Baba." Na gyaɗa kai. Ta shiga ta bar ni a tsaye. Na ɗauka shi ke nan, har na juya zan kama hanyar tasha, sai ga ta ta fito da kofin shayi da yankan burodi biyu a faranti. Ta tambaye ni cokali nawa na sukari nake sha. Ba ta sani ba, ni ma ban san nata ba.

A tsaye na sha, a bakin ƙofa, kamar baƙo. Baƙon ne kuwa, Yaya. Amma da na miƙa mata kofin ta ce in na zo hutun Ista in riƙa sanar da ita da wuri, don ta nemi a canza mata ranar aiki.

Gobe zan koma sansani. Ki gaida maigida da yara.

Ƙaninki,
Kelepi